Mako na shida da fara haɗa humra: hancina ya yaudare ni

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Kwalba ta huɗu ma ta ɓaci, kuma wannan karon farcen turaren bai ƙone ba, sandal ɗin ma mai kyau ne. Laifin hancina ne.

Ranar Asabar bayan azahar na ja ƙofa na baje kayana a tabarma. In ɗiga madarar turare, in girgiza, in sunsuna, sai in ji salam kamar ruwa, in sake ɗigawa. Haka har la'asar sakaliya. Ƙanwata na dawowa daga Islamiyya ta ɗaga labule, sai ta ja da baya tana tari: "Kai Yaya, wannan ai sai ya sa wa mutum ciwon kai!" Ni kuwa wallahi da ƙyar nake jin ƙamshin.

Abin ya tsaya mini a rai har na je na karanta. Ashe can saman kogon hanci akwai jijiyoyin da ke cafke ƙamshi, masu ɗauke da 'yan abubuwan kama ƙamshi kusan iri 400. Linda Buck da Richard Axel ne suka gano asalinsu a 1991, aka ba su kyautar Nobel a 2004. In ƙamshi guda ya daɗe yana dukan jijiyoyin nan, sai su rage saƙon da suke aikawa, ƙwaƙwalwa ma ta daina kula shi. Shi ya sa mai daddawa ke zaune lafiya a gaban farantinta, mai wucewa ne ke toshe hanci.

Wanda ya fi kama ni shi ne binciken wani Bajamushe, Ernst Weber na birnin Leipzig, a ƙarni na 19. Da ɗaga nauyi ya gwada mutane, ya ga cewa gane ƙari ya danganta da yawan abin da ke nan tun farko. Ki zuba tafi ɗaya na gero a ƙaramin kwano, hannunki zai ji. Ki zuba shi a buhu, ko a jikinki. To haka kwalbata: da ta yi ƙarfi, ɗigo biyu uku ba sa nuna kansu, ni kuma ina ta antayawa, kuɗina na tafiya.

Yanzu na sayi sirinji a kemis, duk abin da na zuba sai na rubuta a littafi. Ina shafa haɗin a ɗan ƙyalle, in sunsuna sau biyu, in fita tsakar gida in sha iska minti goma. Ƙwayar kofi da ake ta yabo na gwada, ni dai ban ga abin da ta tsinana ba. Ƙanwata kuwa ta zama alƙaliya, ladanta 'yar kwalba guda.

Ta huɗun na raba ta biyu zan tsinka. Ta biyar tana ƙasan akwati, ba zan buɗe ba sai ta kwana goma sha huɗu.