Baƙo a Yamai: shirin zama ya fi shirin gudu

Ɗan Najeriya, ɗan Gana ko ɗan Cadi da ke zaune a Yamai, da zarar gari ya rikice, tasha ce ke fara faɗo masa a rai. A ganina wannan shi ne babban kuskure. A daren 26 ga Yuli 2023, sanarwar da ta kifar da gwamnatin Bazoum ita ce ta rufe iyakoki, ta kuma hana fita daga ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba. Wanda ya kama hanyar Gaya ko Birnin Konni a irin wannan lokaci, ƙofa zai tarar a rufe, ga shingayen jami'an tsaro, ga shi nesa da duk wanda ya san shi.

Don haka a yi tanadin zaman gida na mako guda: bido biyu na ruwa masu lita 25 ga kowane mutum, shinkafa, mai, gawayi ko gas, da maganin wata ɗaya ga mai ciwon suga ko hawan jini. Kuɗi su kasance a hannu, kuma ƙanana, 'yan jika ɗaya da jika biyu, domin babu mai ba ka canji ranar da kasuwa ta watse. Bayan takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar a 2023, cirar kuɗi a banki ta yi wuya, Najeriya kuma ta yanke wutar da take bai wa Nijar. A Fabrairu 2021, bayan zaɓe, an katse intanet ta waya na kwanaki. Kada ka dogara da WhatsApp kaɗai. Ajiye kuɗin kira, da rediyo mai batir, ka rubuta lambobi a takarda: 'yan sanda 17, 'yan kwana-kwana 18.

Batun takardu ba wasa ba ne tun da Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairu 2025. Yi rajista a ofishin jakadancinku, karɓi katinsu, riƙe kwafi a aljihu.

Ranar zanga-zanga nisanci gaban Majalisa da ofisoshin jakadanci. Ranar 30 ga Yuli 2023 a ƙofar na Faransa aka taru. Mazaunin Harobanda, unguwar da ke hayin kogi, ya koma gida da wuri, don in an tare gada ya maƙale. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoton soja, kada ka tsoma baki a gardamar siyasa a fada, harshenka zai nuna daga inda ka fito. Tun gari na lafiya ka je ka gaida mai unguwa tare da mai gidan da kake haya, domin su ne za su ce "namu ne" in an zo tambaya.