Karatun daren Laraba a ɗakin gwajinmu

Ƙaramin ɗakin gwajin jini nake da shi a Azare, mu huɗu ne har da yarinyar da ke karɓar kuɗi. Aikinmu bai wuce maleriya, taifod, rukunin jini da gwajin sikila ba. Hukumar MLSCN, mai kula da aikin ɗakunan gwajin asibiti a Najeriya, tana son shaidar ƙaro ilimi kafin ta sabunta lasisi, kuma a da sai na tura mutum Bauchi ko Kano kwana biyu, ga kuɗin mota ga masauki, bencin gwaji kuma babu kowa.

Kullen korona na 2020 ne ya sa wani tsohon malaminmu ya fara haɗa mu a kiran waya, duk Laraba bayan sallar isha'i. Makin ƙaro ilimi na hukuma dai har yanzu sai mun nemo shi ta hanyarsa. Wannan namu ne, na gyaran hannu.

Daren da ba zan manta ba, na yi ƙorafin cewa silayid ɗinmu, wato gilasan da muke shafa jini a kai, suna fitowa jajaye, ba a ganin ƙwayar maleriya sosai. Malam ya ce, "Alhaji, da wane ruwa kuke haɗa Giemsa?" Giemsa shi ne rinin da ake rina jinin da shi. Muka yi tsit. Ruwan leda muke zubawa. Ya yi dariya ya ce sai ruwan da aka daidaita a pH 7.2: in ya yi tsami jini ya yi ja, in ya haura ya yi shuɗi. Rinin kashi 10 cikin ɗari, minti goma, a haɗa sabo kullum, kuma kada a kuskura sinadarin methanol ya taɓa shafin jini mai kauri a kan silayid. Duk mun karanta wannan a makaranta, gaggawar layin marasa lafiya ce ta cinye shi.

A nan kuma na fara jin cewa akwai ƙwayar maleriya da ba ta da sinadarin HRP2, wadda katin gwajin da ke neman wannan sinadarin ba ya kamawa. An fara ba da rahotonta daga Peru a 2010. Tun daga ranar, in kati ya ce babu amma yaro na rawar sanyi, sai mun duba a madubin ganin ƙwayoyin cuta.

Matsalar waya ita ce kunne ba ya ganin silayid. Shi ya sa kafin Laraba muke ɗora kyamarar waya a bakin madubin, mu tura hoton ta WhatsApp. Rabin hotunan dishi-dishi suke fitowa, kuma in sabis ya ɗauke, sai da safe mu kira wani ya maimaita mana abin da ya wuce mu.