Wankin mota a ƙofar gida: inda na kai, da abin da nake bar wa masu sana'a

'Yan'uwa masu koyon kula da mota da hannunsu, barkanmu da warhaka. Ga inda aiki ya kai a wajena tun shigowar hunturu. Jikin mota da gilasai da share ciki, yanzu ni nake yi a ƙofar gida. Ƙarƙashinta da wajen injin da wankin kujeru kuwa har gobe wajen masu wankin mota nake kai su. Na ga da yawa cikinmu sun ɗauka dole sai an riƙe ɗaya an saki ɗaya, shi ya sa zan faɗi yadda na raba aikin.

Bari in fara da ƙura, don ita ce tushen maganar a nan Kano. Iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas tsakanin Nuwamba da Maris tana kwaso ƙura mai yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wurin da a da can gindin wani makeken tafki ne da ya ƙafe. Farin garin da kake tararwa a kan bonet da safe, a ido laushi gare shi, amma a cikinsa akwai ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri. Shi kuwa fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, akwai mai launi, sannan akwai wani garai-garai a sama wanda shi ne ke ba da sheƙi. Kaurin wannan na saman wajen maikuron 40 zuwa 50 ne, bai kai silin gashi ba. Duk wanda ya ɗauki busasshen tsumma ya bi ƙurar nan da guga, yashi yake ja a kan wannan siririn rufi. Ku duba baƙar mota ko shuɗiya mai duhu da rana tsaka, za ku ga ƙananan zane suna zagaye hasken rana. Wannan aikin tsumma ne, kuma ba ya fita sai an ci wani abu daga fentin da injin gogewa.

Saboda haka dokar farko da na kafa a gida ita ce, ba a goge mota a bushe. Al'adar nan ta a sa yaro ko maigadi ya karkaɗe ta da tsumma kowace safiya, na dakatar da ita. Ko a zuba ruwa, ko a bar ta da ƙurarta zuwa ranar wanki. Gilashin gaba kaɗai nake watsa wa ruwa kafin in fita, kuma ba na kunna waifa a kan busasshen gilashi.

Ranar wanki, bokiti biyu nake ajiyewa, ɗaya da ruwan sabulu, ɗaya da zallan ruwa. Da farko nakan jiƙa motar sosai daga sama har ƙasa, in bar ruwa ya sauko da abin da zai iya saukowa da shi ba tare da hannu ya taɓa ba. Sannan in tsoma tsumma a kumfa, in wanke rufin, in ɗauraye tsumman a bokiti na biyu, in matse, kafin ya sake komawa cikin sabulu. Idan ka gama ka leƙa gindin bokitin ɗauraya, yashin da za ka gani a kwance shi ne wanda da ya koma kan fenti. Tun da hannuna ya saba da wannan, ban ƙara ganin sabon zane a ƙofofi ba. Daga rufi sai gilasai, sai bonet da but, sai ƙofofi, ƙasan ƙofofi da bamba su ne na ƙarshe don nan datti ya fi taruwa. Ina jan tsumma a miƙe, ba na murzawa a zagaye, kuma ba na dannawa. Taya da wili soso nasu daban, bokitinsu daban, domin baƙin garin da burki ke fesowa akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Tsumman da ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar.

Tsumman maikurofaiba ya fi tsohuwar singileti nesa ba kusa ba, don gashinsa yana ɗauke yashi ya shigar da shi ciki. Ana samunsa wajen masu sayar da kayan ƙawar mota. Omo da sabulun wanke-wanke kuma na ajiye su. An yi su ne don cin maiƙo, to suna cinye man kariyar da ke kan fenti, suna kuma sa baƙaƙen robobin jikin mota su koɗe. Sabulun mota na ruwa ya fi tsada a kwalba, amma murfi ɗaya ko biyu ya ishi bokiti.

Abin da ya fi ba ni aiki a 'yan makonnin nan shi ne tabon ruwa. Ruwan burtsatse da na rijiya a wurare da dama suna ɗauke da ma'adinai, idan suka bushe a kan fenti ko gilashi sai su bar fararen ɗigo-ɗigo. Iskar hunturu kuwa busasshiya ce, kafin ka zagayo ɗaya gefen, gefen farko ya bushe. Dabarar da ta yi min aiki ita ce wanki da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa, ƙarfe a sanyaye, kuma ɓangare-ɓangare: in wanke, in ɗauraye, in tsane da busasshen tawul nan take. Inuwar ma a duba ta. Gindin darbejiya akwai daɗi, amma tsuntsaye na sama, kuma kashinsu yana cin fenti idan rana ta gasa shi. In ka same shi, ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kai ya yi laushi tukuna, kada ka kankare.

Ruwa ba ya cin min da yawa. Jarka biyu ta ɗan garuwa, mai lita 25, tana isar ƙaramar mota idan da kofi ko buta kake ɗauraya. A dai lura da inda ruwan ke gangarawa, kada a jiƙa wa maƙwabta ƙofar gida.

To, ga abin da ba na iyawa. Da damina laka tana maƙalewa a cikin madigadi da saman salansa da lungunan shasi, wuraren da hannu ba ya kai wa sai an hau da mota gada an bi ta da injin feshi. Lakar tana riƙe danshi, danshi kuma shi ne abincin tsatsa. Wannan ya fi shafar masu motocin da aka shigo da su daga Amurka da Kanada, inda ake barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, don da yawansu suna isowa da tsatsa ta riga ta fara a ƙasa. Wankin ƙarƙashi kuɗi ne da ba na jin ciwon biya. Sai dai ina hana a fesa baƙin mai bayan an gama. Yana lalata robobin ƙafa, kuma ƙura yake kamawa.

Wankin injin shi ne inda nake tsayawa a kai da kaina, kuma ba kasafai nake sa a yi ba. Sai injin ya huce. A rufe altaneta da akwatin fis da wajen shan iska da leda, a ja bakin feshi baya, kada a nufi kwayil da soket-soket. Ƙananan haƙoran lagireto da na kondensar esi ma suna lanƙwashewa idan ruwa mai ƙarfi ya doke su daga kusa. Motar da ta ƙi tashi bayan wanki, ko ta kama rawa, galibi ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba. Kujerun yadi kuwa, wanda ba shi da injin zuƙe ruwa kada ya fara, don soson ciki ba ya bushewa da wuri, warin kuma ya daɗe.

Kuɗin wanki ya tashi, gaskiya ne, amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 injin da suke fesa ruwa da shi ya ƙara cin kuɗi, ruwan ma wasu saye suke yi. Ba na matse su a ciniki. Abin da nake yi shi ne in tsaya in kalli yadda suke wanke motar da ke gabana. Idan soson da ya bi taya shi ne ya hau bonet, ko ruwan bokiti ya koma ja ba a canza ba, sai in ce ƙarƙashi kawai za a yi min. Inda na ga hannu mai kyau, nakan miƙa nawa tsumman in ce, "Malam, don Allah a jiƙa ta sosai kafin a taɓa." Ba a taɓa ƙi min ba. Wajen wani dattijo cikinsu ma na koyi duba ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofofi, waɗanda ruwa ke fita ta ciki. Idan laka ta toshe su, ruwa yana kwanciya a cikin ƙofa ya ci ta daga ciki. Yanzu duk wanki sai na bi su da tsinke.

Abin da ke gabana shi ne shafa waks, wato man kariyar da ake shafa wa fenti. Na watsa ruwa a bonet, ya shimfiɗe bai dunƙule ya yi ƙwallaye ba, alamar babu sauran kariya ke nan. Zan jira ranar da hazo ya lafa, don kada ƙura ta sauka a kai ina cikin shafawa, in fara da murfin but in ga yadda zai karɓa kafin in bi sauran jikin.