Faɗan hannu a wasan tebur, naushi kaɗai ba ya isa

Ni dai dokar faɗan hannu a Dungeons & Dragons (wasan tebur da kowa ke ɗaukar matsayin wani jarumi a cikin labari, ana jefa dayis) ta daɗe tana ba ni haushi. A littafin dokokin wasan bugun 2014, in jaruminka ya kai naushi ɓarnar maki 1 ce kawai sai a ƙara da ƙarfinsa, alhali ƴar wuƙa ma ana jefa mata dayis mai fuska 4, to wa zai yar da takobi ya dunƙule hannu? Kuma wallahi ban ce a ƙara wa naushi ɓarna ba, ai hannu bai kamata ya kai takobi ba, in ya kai meye amfanin makamin.

Amfanin hannu a kamu yake. Ka riƙe wuyan hannun mai wuƙa, ka kayar da shi, ka danne shi a ɗaure shi da ransa don a yi masa tambaya, ka toshe bakin matsafi kafin ya gama karanto siddabarunsa. Bugun 2024 ya ɗan gyara, ya haɗa naushi da kamu da ture wuri ɗaya. Amma don Allah jifa ɗaya ta dayis ta wadatar, kar a koma irin dokar kokawa ta tsohon bugun littafin na 3.5 da sai an tsayar da wasa ana ta buɗe littafi mutane na hamma.