Abin da Sarar Bishiya a Ƙarƙashin Wayar Wuta Ta Koya Mini

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a kamfanin kwangilar da muke share wa layukan wuta hanya a Kumasi. Abokan aiki sun san ba hawa bishiya ne ya gundure ni ba. Gardama ce ta raba mu, a kan inda ya kamata zarto ya sauka.

Abin da na tarar ana yi shi ne askin ƙwal-kwabo: a hau mangwaro ko darbejiya a datse kanta gaba ɗaya, a sauko, a ƙirga ta a takarda. A wata bita da aka tura mu na fara jin sunan Alex Shigo, masanin hukumar gandun dajin Amurka da ya shafe shekaru yana tsaga itatuwa don ganin yadda ruɓa ke bin cikinsu. Ya nuna cewa bishiya killace rauni take yi, kuma ta fi iya hakan in an yanke reshe daidai bakin kumburin da ke gindinsa. In ka datse shi a tsakiya, dungun ya ruɓe, toho ya fito birjik ya miƙe sama da gudu, ya nufi wayar da kake cewa kana karewa. Ga shi ba shi da riƙo, a bayan itacen kawai yake manne. Wanda ya san aiki sai ya cire reshen da ya doshi waya tun daga mahaɗarsa, ya bar wanda ya ba ta baya.

Na dawo da zumuɗi, na fara yin haka a wani layin kilobolt 11 ta wajen Aboabo. Ya fi cin lokaci, wannan babu musu. Mai kula da mu ya tsaya a gindin tsani ya ɗaga kai ya ce, "Malam, gyaran lambu aka ɗauke ka? Bishiya nawa ka yi yau?" Na ce, "Maigida, wadda na yi yau ba sai mun dawo mata baɗi ba." Ya cire ni daga layin, ya sa yara suka bi sauran da adda. Damina na zagayowa, ruwa ya sauko da iska, tohon da ya tashi a kan dungayen nan ya kwanto kan waya, unguwa ta kwana a duhu. Sunana ne a takardar rabon aiki, saboda haka ni aka miƙa wa takardar tuhuma. Na kai hotunan bishiyoyin da na yanka da hannuna, bakin kowane yanka ya fara haɗa zobe yana rufewa, babu reshe ko ɗaya kusa da waya. Ko duba su bai yi ba.

Mu da muka sha dumso, wato yawan ɗauke wuta a Gana, mun saba ɗora kowace ɗaukewar wuta a kan madatsar ruwan lantarki ta Akosombo ko ƙarancin gas, alhali wani lokaci reshe ne a bayan gida. Ran 14 ga Agusta 2003 manyan wayoyi a jihar Ohayo suka yi zafi, suka saki, suka taɓa bishiyoyin da aka bari suka yi tsawo, mutum wajen miliyan 50 a Amurka da Kanada suka rasa wuta.

Sai dai Shigo ya yi bincikensa ne inda bishiya ke tsayawa da girma lokacin hunturu. Mu nan damina biyu gare mu. Shi ya sa nake rubuta tsawon tohon kowane iri bayan sara, kuma burina ɗaliban KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, da masu binciken gandun daji na Fumesua su ɗauki wannan awo da gaske, a daina ba mangwaro da darbejiya wa'adin sara ɗaya.

Ga waɗanda za su ci gaba da aikin nan: kwakwa ba ta da reshen da za a karkatar, in tana ƙarƙashin waya sai dai a cire ta. Gora kuwa in ba a tone saiwarta ba, aikin banza ne. Ka gaida mai gida ka yi masa bayani kafin ka taɓa mangwaronsa. Kada ka yarda an kashe layi sai ka ga an gwada, an haɗa shi da ƙasa.

Takardar tuhumar tana nan a fayil ɗina. Na rubuta na nemi a cire ta kafin in tafi, har yau ba a ba ni amsa ba.