Karatun da Baba ya ce na surutu ne

Lauya na so zama. Makina ne bai kai ba, sai aka tura ni sashen kimiyyar siyasa, kamar yadda aka yi wa kusan rabin 'yan ajinmu. Ranar da na kawo takardar gida, Baba na rumfarsa a kasuwar Jibiya yana auna gero. Ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, duk da ba ya karanta boko, sannan ya ce, "To ita siyasar har sai an je jami'a? Ga kansilanmu can, aji nawa ya yi?" Na ce, "Baba, ai wannan kimiyyar ce, ba takara ba." Ya ce, "Kimiyya ta likitoci ce. Wannan karatun surutu ne." Sunan da ya raɗa wa kwas ɗin ke nan, kuma har yau bai canza ba.

A shekarar farko ni ma na kusa yarda da shi. Ma'anoni muka yi ta haddacewa: mece ce ƙasa, mene ne iko, ina bambancin mulki da halaccin mulki. Wani masani ɗan Amurka, Harold Lasswell, ya ce siyasa ita ce wa ya samu me, yaushe, kuma ta yaya. Da na zo hutu na faɗa wa Baba wannan ina taƙama. Bai ko ɗago kai daga mudunsa ba ya ce kowane dillalin awaki ya san haka.

Sai a aji biyu, da muka shiga gwamnati da siyasar Najeriya, abin ya fara kama ni. Jerin tsare-tsaren mulki kam kowa ya sha shi tun sakandare: na Clifford 1922, na Richards 1946, na Macpherson 1951, na Lyttleton 1954. Abin da ban taɓa ji ba shi ne rigimar lissafin 1979. Dokar zaɓe ta ce wanda zai zama shugaban ƙasa, bayan ya fi kowa ƙuri'a, sai ya samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi. Jihohi kuma 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12. Ta 13 ita ce Kano, inda jama'a suka bi Malam Aminu Kano da jam'iyyarsa ta PRP, Shagari ya tsaya a kusan kashi 20. Cif Awolowo ya garzaya kotu, ya ce jiha ba ta gutsuruwa, biyu bisa uku na 19 dole a cika shi ya zama 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a'a, 12 ne da biyu bisa uku, don haka a Kano rubu'in biyu bisa ukun ƙuri'un kawai ake nema, wato ɗaya bisa shida, kuma Shagari ya haura wannan. Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya.

Malamin ya rubuta lissafin a allo, ya ajiye alli, ya raba mu gida biyu. Awa ɗaya muna cacar baki. Ni ina ɓangaren Awolowo, ba don ina so ba, sai don layin da nake zaune ne ya faɗa can. Abin mamaki, kafin a tashi na fara ganin hujjarsa da ƙarfi, alhali a gidanmu ba a taɓa ambaton mutumin da alheri ba. Ranar ce na gane amfanin a tilasta maka kare ra'ayin da ba naka ba.

Akwai darasin da Baba ne ya koyar da ni shi, ba malami ba. A aji an ce mana gwamnonin PRP biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, sun soke haraji da jangali da hawansu mulki a 1979. Layi ɗaya ne a takardarmu. Lokacin ba a ƙirƙiro jihar Katsina ba, sai 1987, don haka Jibiya na ƙarƙashin Kaduna. Da na tambayi Baba ko ya tuna, sai ya gyara zama. Ya ba ni labarin yadda magidanta kan kwana a gona idan lokacin haraji ya zo, yadda ake shanya wanda bai biya ba a rana a ƙofar gidan mai gari, da yadda kakanmu ya taɓa sayar da tunkiyar da aka ajiye don layya. Ya ce ranar da aka faɗi sokewar a rediyo, wasu dattawa ba su yarda ba, sun ce dabara ce ta ƙidaya kawuna. Na ce masa ai majalisar jiha, wadda 'yan NPN, jam'iyyar Shagari, suka fi yawa a cikinta, ta ƙi amince wa Balarabe da kwamishinoni, daga baya ma ta tsige shi a watan Yunin 1981. Ya ce ya sani, amma tsigewar ba ta dawo da harajin ba. A jarrabawa na rubuta labarin tunkiyar. Malamin ya ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro, ya rubuta min in ƙara irin wannan.

Wani abin da ya ɓata min rai a kwas ɗin kuwa daga kundin tsarin mulkin 1999 ya fito. Sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Ɗan Jibiya idan ya karanta wannan, garuruwan da aka tasa da hanyoyin da ba a bi bayan la'asar ne za su faɗo masa a rai. Na ɗaga hannu na ce, "Allah gafarta Malam, ke nan za mu iya kai ƙara?" Ya ce in koma sashe na 6. Can aka rubuta cewa kotu ba ta da hurumin sauraron ƙorafi a kan alkawuran babi na biyu, babin da sashe na 14 ke ciki. An ba ka da hannun dama, an karɓe da na hagu.

Darussan hulɗar ƙasa da ƙasa su ne 'yan gayun sashe. Masu son su su ne ke zuwa aji da kwat ranar gabatar da aiki, kowa na mafarkin zama jakada. Mu masu sha'awar ƙananan hukumomi ana mana kallon waɗanda burinsu bai wuce sakatariya ba. A jadawali ma an raba: siyasar cikin gida ranar Litinin, ta waje ranar Laraba, malamai daban, littattafai daban. A ta wajen aka koya mana yarjejeniyar Westphalia ta 1648, wadda ake cewa daga ita tsarin ƙasashe masu iyaka da diyauci ya samo tushe, da ƙasashe biyar masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu, da yadda Najeriya ta miƙa Bakassi ga Kamaru a 2008 bayan hukuncin kotun duniya na 2002. An koya mana mazhabobi biyu: masu cewa kowace ƙasa kanta ta sani kuma ƙarfi ne ke magana, da masu cewa ciniki da yarjejeniya da ƙungiyoyi na iya ɗaure ƙasashe su zauna lafiya. Na ci jarrabawar, amma ina jin abin kamar labarin wata duniya.

Alhali ni a bakin iyaka aka haife ni. Maraɗi ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba a kan Kano. Gwaggona, ƙanwar Baba, can take aure tun kafin a haife ni, kuma sarautar garin ma Sarkin Katsina ake kiranta, domin sarakunan Haɓen Katsina ne suka koma can bayan jihadi. Layin da ya raba mu, Turawan Ingila da na Faransa ne suka yi ta ja suna gyarawa tsakanin 1890 da 1906. Mun taso muna ganinsa a matsayin shingen kwastan a Magama, da wani a Ɗan Isa, shi ke nan. Ban taɓa haɗa wannan da darasin Laraba ba.

Shekarar 2023 ce ta haɗa min su, ina aji huɗu, don yajin aiki da korona sun mayar mana da karatun shekara huɗu kusan shida. Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi. Wannan ai maganar cikin gida ce, darasin Litinin. Amma ba a yi mako ba samarin unguwarmu masu kai jarkoki tsallake suka fara zaman kashe wando, Gwaggo kuma ta bugo tana cewa man bakin hanya ya yi tsada a wajensu. Sai ga 26 ga Yuli, sojoji suka tsare shugaban Nijar Bazoum a Yamai, Janar Tiani ya karɓi mulki. Kwana huɗu bayan nan Ecowas, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta zauna a Abuja, ta rufe iyakoki, ta ba da wa'adin kwana bakwai, ta ce idan ba a mayar da Bazoum ba za a iya amfani da ƙarfi. Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar.

Na zo gida a cikin watan Agusta. Manyan motoci sun yi layi a hanyar Magama, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna dafa shayi. Wani ya buɗe min tamfol, warin kayan gwari da suka fara ruɓewa ya buge ni. Rumfar Baba, wadda ranar kasuwa ba ka samun wurin tsayawa saboda 'yan Nijar masu sayen masara, ta koma shi da ƙudaje. Da daddare Gwaggo ta kira, tana magana a duhu don babu wuta, ta ce, "Ɗana, kai da ke karatun abin, wai da gaske Sediyawo za ta turo soja su harbe mu?" Haka suke kiran Ecowas, da sunanta na Faransanci. Na buɗe baki in kawo mata yarjejeniyar Legas ta 1975 da ta kafa ƙungiyar, da dakarun da aka tura Laberiya a 1990, sai na ji kunya ta kama ni. Na ce, "Gwaggo, in sha Allahu ba za a yi ba." Ba ni da hujja a lokacin, addu'a ce kawai.

Hujjar daga baya ta zo, kuma daga darasin Litinin ta fito. Jihohi bakwai ke da iyaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Kowace na da sanatoci uku, kuma kowane sanata na da masu zaɓe irin Baba. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi, ta ce a bi hanyar sulhu. Tawagar Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi ta je Yamai. Khalifa Muhammadu Sanusi ya je ya ga Tiani ido da ido a lokacin da manyan jakadu ke komawa ba su gan shi ba, malaman addini ma suka bi sahu. A littattafanmu na hulɗar ƙasashe babu babin rawani da carbi. Malaminmu, don Allah ya isa shaida, bai ɓoye wannan ba. Ya shigo aji ya ce mu rufe takardu, duk ɗan bakin iyaka ya tashi ya faɗi abin da ya gani. Mu shida muka tashi, har da wata 'yar Illela da wani ɗan Maigatari. Masu kwat suka yi tsit suna rubutu.

An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a Maris. Nijar da Mali da Burkina Faso kuma suka yi gaba da ƙawancensu na Sahel.

Duk da haka kundin kammala digirina a kan ƙananan hukumomi na rubuta shi, kuma ban yi nadama ba. Tun garambawul ɗin 1976, da ya kawo ƙarshen zamanin En'e ya kafa ƙananan hukumomi 301, har suka kai 774 na yanzu, magana ɗaya ake ta juyawa: wa ke riƙe da kuɗin. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa, kuɗin ƙaramar hukuma sai ya bi ta hannun jiha. Na buga takardun tambayoyi 120, na kai wata sakatariya da ba zan kama sunanta ba. Ranar Talata da hantsi na samu mai gadi da awaki uku. Ya ce, "Samari, ka dawo ƙarshen wata." Na dawo ranar albashi, na raba takarduna a layi, wasu suka cike, wasu suka nannaɗe ƙosai da su. Guda 74 suka dawo hannuna, su na yi aiki da su. Watanni kaɗan bayan na miƙa kundin, ranar 11 ga Yulin 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Abokaina suka yi ta turo min saƙo wai babi na biyar ɗina ya tsufa. Na ce su bari sai mai gadin ya shaida.

Yanzu ina koyar da darasin gwamnati a wata sakandare, da yamma kuma in taya Baba a rumfa. A farkon 2025, bayan ficewar Nijar daga Ecowas ta tabbata ranar 29 ga Janairu, jikar Gwaggo ta haihu. Baba ya kira ni gefe, murya ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji, ya ce, "Kai, wai yanzu sai da biza za ni suna?" Na ce a'a, ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da shige da fice yadda aka saba har sai an ji wani sabon bayani, ya dai riƙe katinsa na ɗan ƙasa. Ya gyaɗa kai, ya ce, "To, surutun ya yi rana." Sannan ya miƙo min mudu, ya ce in ƙarasa auna wa matar can dawarta, shi zai je ya nemo goron da zai kai.