Ni da kaina na kora su cikin fadamar

Har yau in na bi ta gefen fadamar nan sai raina ya sosu. A lokacin gani nake gata na yi wa 'yan tumakina.

'Yan tumaki 11 na yaye a farkon damina, duk sun kai wata uku, sun kama cin ciyawa sosai. Kukan neman uwa na kwana biyu ko uku ba komai ba ne, kowa ya san shi. Wautar da na yi ita ce, ranar da na raba su da iyayensu, ranar na kai su fadamar nan da ciyawarta ta fi ko'ina kore, inda manyan tumakin suka yi makonni suna kiwo. Da sassafe ma nake sakinsu, raɓa ba ta bushe ba, wai su ci da sanyi kafin rana ta yi zafi.

Sati uku ban lura da komai ba. Suna ci, ciki yana cika, amma in na ɗora su a sikeli nauyin yana nan inda yake. Na ce damuwar yaye ce, za ta wuce. Zawo nake jira in gani, kuma babu zawo, shi ya sa na saki jiki. A sati na huɗu na kama wani da kullum yake bayan garke, na ga ƙasan haɓarsa ya kumbura kamar an ɗura masa ruwa. Na ja fatar idonsa, fari fat, ba alamar jini. Washegari ya mutu.

Likitan dabbobi ya farke shi a gabana, ya nuna mini tsutsotsi sirara kamar zare, ja da fari a murɗe, manne a bangon ciki. Haemonchus ake ce mata, jini take sha. Mace ɗaya tana zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana. Ƙwan ya fita da kashi, in ya samu ɗumi da danshi, cikin kamar mako guda ƙaramar tsutsa ta fito ta bi raɓa ta hau ganyen ciyawa, can kusa da ƙasa. Uwa ta saba, jikinta yana iya yaƙi. Ɗan da aka cire daga nono jiya da me zai yi? Wato iyayen sun shuka, ni na kai 'ya'yan girbi, kuma a daidai lokacin raɓa!

Huɗu na rasa kafin magani ya kama sauran. Na kuma ƙara wani kuskuren: don kada ruwan sama ya dake su na toshe garken ko'ina, shimfiɗa ta jiƙe, zarnin fitsari yana hawa ido, biyu suka fara tari. Sai da na buɗe sama iska ta ratsa.

Abin da ya fi ci mini rai su ne bakwai ɗin da suka rayu. Sun warke, amma sun tsumbure. Wata shida bayan haka duk wanda ya gan su sai ya ɗauka ƙannen sa'o'insu ne, alhali abinci ba su rasa ba.

Yanzu in zan yi yaye, iyayen nake ɗaukewa, 'ya'yan su zauna a garken da suka sani. Kiwonsu a tudu, wurin da tumaki suka daɗe ba su taka ba, kuma sai raɓa ta bushe. Inuwa da ruwa mai tsabta a kusa, don zafi yana rage musu ci. Duk sati biyu ina duba fatar ido ɗaya bayan ɗaya. Fadamar kuwa, yankan ciyawarta nake yi in shanya.